Yayata Mai Haɗa Waya

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya a garinmu a wancan zamani ya san muryar Yayata, ko da bai taɓa sa ta a ido ba. Lokacin ba a buga lamba kai tsaye. Kana ɗaga waya sai wata 'yar fitila ta kama a gaban wata mace a saman benen gidan waya, ta tambaye ka wanda kake nema, ta ɗauki igiya ta cusa a ramin lambarsa, shi ke nan ta haɗa ku. Yaya tana cikin matan nan, ita ce ma ta fi kowa daɗewa a kan kujerar. Mu saura "Lamba nawa?" kawai muke cewa. Ita kuwa sai ta ce, "Sannu da haƙuri, wa za a kira?" ko da mutum bai jira ko na ƙiftawar ido ba. Har abin ya zame mata suna. In muka shiga kasuwa ta buɗe baki za ta taya yadi, sai ka ga mai kanti ya zuba mata ido ya ce, "Tsaya, tsaya. Ba ke ce Sannu-da-haƙuri ba? Ashe 'yar gajeruwa ce ke!" Ita kuma ta ce, "Da ka zaci tsawon falwaya gare ni?"

Ni ce autar gidanmu. Ratar da ke tsakanina da ita har wasu kan ɗauka ita ta haife ni. Bayan rasuwar Babanmu ta kwashe mu, ni da Inna, muka koma gidanta. Mijinta tela ne, mai sanyin hali, sai ya yini ba ka ji bakinsa ba. Muna ce masa Baban Biyu saboda tagwayen da suka haifa, mace da namiji. Shagonsa yana manne da gidan, in yana taka keke har kofunan kan kabad suna rawa. Da na gama makaranta Yaya ta yi mini hanya aka ɗauke ni aiki tare da ita. Ranar farko muna hawa bene ta tsaya ta gyara mini ɗankwali ta ce, "Auta, doka biyu ce. Kada ki ci ɗanyar albasa kafin ki zo, don abin magana na kowa ne. Sannan abin da kunnenki ya ji a nan, a nan zai kwana."

Ɗaki ne dogo, tagoginsa can sama, ba ma ganin titi sai mun taka kujera. Allon wayar ya kama bango guda, na katako mai sheƙi, cike da ramuka da ƙananan fitilu. Har yau in na ji warin man goge katako haɗe da na roba mai ɗumi, sai in ji kamar an sa mini abin kunnen da muke sauraron waya da shi. Shugabarmu wata doguwar mata ce da ba ta dariya, muna kiran ta Agogo a bayan idonta, don kullum safe tana bakin ƙofa tana duban tsintsiyar hannunta. Tana kai da kawo a bayanmu, takalminta ƙwas ƙwas, in ta ga kin jingina sai ta taɓa kafaɗarki da biro.

Daɗin wurin yana ɗan ɗakin baya. Benci ɗaya, butar shayi mai lanƙwasasshen hannu, madubi mai tsaga. Nan muke shan shayi da burodi, a gwada takalmin juna, a yi wa wata nasiha kan saurayin da ba shi da niyya. Yaya ce mai ba da dariya, don babu muryar da ba ta iya kwaikwayo. Akwai wani tsoho mai sayar da taya da yake kurma ihu a waya, wai don maganar ta isa da wuri. Akwai mai kemis na babban titi, wanda agogon shagonsa ya lalace tun ban zo ba, ya gwammace ya riƙa ɗaga waya yana tambayar mu ƙarfe nawa. Akwai kuma Lauya, dattijo mai murya kamar ta mai karanta labarai, wanda ba ya faɗin lamba sai ya tambayi Yaya, "Ya gwiwar Inna?" Duk sai ta yi su ɗaya bayan ɗaya, har wata ta ƙware da shayi. Wata rana muka waiwaya muka ga Agogo a bakin ƙofa, tana danne dariya. Ta ce, "Lokaci ya yi," ta juya da sauri.

Muryoyi Yaya take kwaikwayo, ba sirri ba; ban taɓa jin ta sauko da maganar wani ƙasan bene ba. Da yamma mu taka zuwa gida tare, ta tsaya gidan burodi ta saya wa tagwaye mai zafi, ta gutsuri gefe tun a hanya ta ce musu ɓera ne. Inna tana zaune bakin ƙofa da ƙafa a miƙe, Baban Biyu yana leƙowa da tef a wuya. Ban san daɗi muke ji ba a lokacin, na ɗauka haka rayuwa take.

Muna aikin safe ranar da soja suka karɓe mulki. Allon ya kama gaba ɗaya, kowa tambaya ɗaya: me ya sa rediyo ba ta komai sai kiɗan fareti? Da farko mutane har murna suka yi, don waɗanda aka tumɓuke ɗin ma ba su bar abin kewa ba. Ba a yi nisa ba aka fara jero dokoki. An hana taro, an hana yajin aiki, an ce ana iya tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, har sai ran da aka ga dama.

Sai aka kawo mana wani mutum. Ba kaki yake sawa ba, farar riga ce mai gajeren hannu, a goge tsaf, kullum da alawa a kumatu. Ba a faɗa mana sunansa ba, muka sa masa Mai Alawa. Ɗakin bayanmu aka ba shi. Muka zo da safe muka tarar da butarmu da madubi a kan baranda, an ja sababbin wayoyi ta ƙarƙashin ƙofa. Yana da fara'a, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "'Yan mata, wa ke da jan farce ta ara mini?" Wata ta ciro daga jaka tana dariya. Ya bi allon a hankali yana ɗiga ja a gefen wasu ramuka: gidan jarida, ofishin ƙungiyar ƙwadago, ɗakin kwanan ɗalibai, ofishin Lauya da gidansa. Ya ce, "Abu mai sauƙi. In mai ja ta kama, ku haɗa kamar kullum, sai ku danna wannan maɓalli, ni ma in ji."

Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar da aka ɗauke mu aiki mun yi rantsuwa ba za mu bari a saurari maganar mutane ba."

Ya juya alawar zuwa ɗaya kumatun. "Wa kuka yi wa rantsuwar?"

"Gwamnati."

"To, ai gwamnatin ce ta aiko ni."

Kowa ya danna, har Yaya, don yana gani daga ɗakinsa in ba a danna ba. Amma na lura da wani abu. In fitila mai ja ta kama a gabanta, sai ta bar gaisuwarta, ta ce "Lamba nawa?" a bushe kamar sauranmu. Kujerata tana kusa da tata, ina jiyo muryar Lauya ranar farko da ya ce, "Yau babu sannu?" Ta ce, "Mura nake fama da ita, ranka ya daɗe, da alama kuma za ta daɗe." Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ana yayinta." Daga ranar Lauya ba ya maganar komai a waya sai ruwan sama da tsadar fetur. Wasu sun gane, wasu ba su gane ba. Da na yi mata maganar a hanya ta ce, "Me na yi? An hana mura ne a sabuwar doka?"

Duk da haka fitilun nan masu ja suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. An rufe gidan jarida, an tafi da editan daga kan teburinsa. Sakataren ƙungiyar ƙwadago ya fita sayen magani bai dawo ba. Wata safiya fitilar gidan Lauya ta kama, sai muryar matarsa. Ta ce a haɗa ta da ofishin 'yan sanda. Can ta sake ɗagawa, bariki. Can kuma, gidan yari. Daga ƙarshe ta ce, a hankali, "Asibiti, ɗakin ajiye gawa." Yaya ta haɗa ta duka. Ranar ba ta tsaya gidan burodi ba.

Shekara ta kewayo, abinci ya yi tsada, albashi ba ya fita. Ma'aikata da ɗalibai da matan kasuwa suka ce doka ko ba doka za su fito. Da rana tsaka suka biyo babban titi, ta ƙarƙashin tagoginmu. Muna jin waƙarsu, wata a cikinmu har ta taka kujera tana ba mu labari: ga malaman makaranta, ga direbobi, ga wata da goyo. Sai muka ji ƙara kamar ana dukan kwanon rufi da sanduna. Wadda ke kan kujera ta sauko ta zauna a ƙasa.

Mai Alawa ya fito daga ɗakinsa, bakinsa ba komai. Ya ce, "A zare igiyoyi duka. Ba mai kira, ba wanda za a kira, sai layin bariki." Agogo ta dube shi, ta dube mu, ta ce, "Kun ji." Muka zare. Ya sauka ƙasa wurin sojojin da ke tsaron ƙofa. Muka zauna hannu a cinya, allon yana ta ƙyafta mana ido ta ko'ina.

Fitilar mai kemis tana daidai gaban Yaya. Ta kama, ta mutu, ta sake kamawa. Na ga ta kai hannu. Na ce, "Yaya!" Ba ta dube ni ba, ta cusa igiya. Muryarsa har inda nake: mutane kwance a ƙasan shagonsa, auduga ta ƙare, bandeji ya ƙare, akwai wata yarinya 'yar makaranta da jini ya ƙi tsaya mata, don Allah, don Allah asibiti. Ta haɗa shi da asibiti. Ta ɗauki ta gidan burodi, su ma haka. Na miƙa hannu zan ɗauki igiya, ta buge mini shi kamar ina ƙarama.

"Naɗe hannunki, Auta. Inna ba za ta iya jure rashin mu biyu ba."

Agogo tana tsaye a bayanmu. Matar da ko jingina ba ta bari a yi, ranar sai ta je can ƙarshen ɗaki ta ba mu baya, tana karanta dokokin kashe gobara da ke manne a bango. Yaya ta yi ta haɗawa, ban san kira nawa ba, har muka fara jin jiniyar motocin asibiti. Mai Alawa shi ma ya ji, ya hawo, ya tsaya a bayan kujerarta. Ta ƙarasa kiran da ke hannunta, ta ce, "Ga asibiti nan, yi magana," sannan ta cire abin kunne ta rataye shi a ƙugiyarsa.

Ya ce, "Wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni."

"Za mu ji."

Bai taɓa ta a gabanmu ba. Sai da aka tashi aiki, muna saukowa, muka tarar da mota a gindin bene. Ta miƙo mini jakarta da laimarta ta ce, "Maganin Inna yana cikin gwangwanin sukari, rabi ake ba ta, ba guda ba. Ki ce wa Baban Biyu kada ya ta da hankalinsa." Ta shiga da ƙafarta.

Baban Biyu, mutumin da ko kasuwa ba ya son zuwa, ya rufe shago ya shiga neman matarsa. 'Yan sanda suka ce a tambayi soja, soja suka ce ba sa tsare mata, gidan yari suka ce ba su da mai irin wannan suna. A wani ofis ya yini kan benci, da yamma aka ce masa in ya sake dawowa zai ga inda take da idonsa, amma ba zai fito ya ba da labari ba. Rediyo kuwa ta ce ba a harbi kowa ba a babban titi, 'yan tayar da zaune tsaye ne suka tattake juna.

Ni aka sauko da ni ƙasa, kanta, ina sayar da kan sarki. A unguwa mutane suka fara tsallaka titi in sun hango mu. Masu kawo ɗinki suka riƙa aikowa a karɓar musu yadinsu ba a ɗinka ba. Ban riƙe su a zuci ba, tsoro ne, kowa yana da 'ya'ya. Mai gidan burodi ne kaɗai kullum yamma zai ajiye mai zafi a kan tagarmu ya wuce, ba sallama. Inna ta daina tambaya, sai dai ba ta yarda a matsar da kujerarta daga bakin ƙofa, ko ana ruwa. Tagwaye muka ce musu Mamansu ta tafi kwas. Namijin ya yarda. Macen ta ce, "Kwas ba jaka?"

Watanni sun yi nisa, wata rana wata mata mai jiki ta shigo shago da siket wai a rage mata. Ina zaune a gefe. Baban Biyu yana gwada ƙugunta, ta dubi ƙofa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni ganduroba ce a gidan yarin mata na bayan gari. Wata ta ce in gaya maka ɗinkin hammatar rigarta ya ɓalle tun makon farko. Wai aikinka ba ya ƙarko, a banza ake yabon ka." Tef ya faɗi daga hannunsa. Ya fara dariya, dariyar ta juye, ya zauna ya kifa kai a kan keke. Matar ta ce, "Ni dai siket na kawo," ta fita.

Yaya ta fi shekara da rabi a hannunsu. Ba a kai ta kotu ba, ba a faɗa mata laifinta ba. An sauke ta a tasha wata rana da hantsi aka ce ta kama gabanta. Ta tako har gida da rigar da aka tafi da ita. Inna ce ta fara hango ta. Ba ta yi kuka ba, ta ce, "Ke, haka ake yi? Dubi wuyanki." Sai da Yaya ta durƙusa ta ɗora kai a gwiwar nan mai ciwo sannan muka ji muryar Inna ta fashe. Tagwaye suka laɓe bayan Babansu. Yaya ta dube su, ta maƙale murya ta yi ihun tsoho mai taya, "Halo! Halo! Kuna ji na?" Macen ce ta fara sakin rigar uban.

Washegari ina gefenta na hagu a kicin na ce ta miƙo mini wuƙa. Shiru. Na sake faɗa. Sai da na taɓa ta ta juyo gaba ɗaya. Ta ga fuskata ta ce, "Wannan kunnen ya tafi, Auta. Sun ce da shi na ji abin da bai kamata ba."

Ba ta taɓa zaunar da mu ta ba da labari ba. Gutsure-gutsure muka samu cikin shekaru, in tana wanki ko tana yankan farce. Makonnin farko a bariki aka ajiye ta, a ɗakin da ba taga. Tambaya ɗaya suke maimaitawa: wace ƙungiya ce ta dasa ta a gidan waya? Ta ce babu, su kuma ba su yarda mutum zai yi haka ba a sa shi ba, sai mari, kullum ɓangare ɗaya. Sun ce ta ambaci sunan wata a cikinmu su sake ta. Ta ce mana, "Na duba, na sake dubawa, ko Agogo ban tsana haka ba."

Labarin gidan yari ta fi son bayarwa. A ɗakinsu akwai wata mai sayar da kifi da aka kama a madadin ɗanta, da ma'aikaciyar jinya da ta ɗinke waɗanda aka harba, da malamar makaranta da aka kai ƙarar ta kan wata magana da ta yi a aji. In zama ya yi musu nauyi da rana, Yaya sai ta fuskanci bango, ta kifa kofi a kunne ta ce, "To, layi ya buɗe." Mai kifi ta ce a kira mata mijinta. Yaya ta cusa yatsa a ramin bango, ta juya murya ta zama mijin, yana mitar ya ƙona tukunya, akuya kuma ta cinye masa wando a kan igiya. Su yi ta dariya har ganduroba ta buga ƙofa, daga baya ita ma ta riƙa tsayawa tana saurare. Wani lokaci kuma wata ta ce a kira mata uwarta, wasan ya ƙare a kuka. Malamar ba ta taɓa neman a kira mata kowa ba sai ranar da aka ce ta haɗa kayanta za a kai ta wani wuri. Ba su sake jin labarinta ba.

Aiki kam an kore ta tun tana tsare. Ta koma shagon mijinta tana sa maɓalli da yin kalmasa. Masu kawo ɗinki suka dawo sannu a hankali, wasu suna sunkuyar da kai, ita kuwa ta tarbe su kamar jiya suka rabu. Ta mai da kunnen abin wasa. In Baban Biyu ya fara mitar an ɓatar masa da almakashi sai ta ce, "Dawo ta hagu ka faɗa, ka fi samun lada." Amma ba ta son a rufe ƙofa in tana cikin ɗaki, kuma in mota ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe inji ba, sai ta ajiye allura har ta wuce. Inna ta rayu ta ga tagwaye sun shiga sakandare. Agogo ta zo sau ɗaya bayan ta yi ritaya, ta zauna ba ta jingina ba, ta sha shayi, ta ce, "Ba mu sake samun mai saurin hannunki ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Mulkin ya faɗi kamar yadda ya zo, wata safiya, da kiɗan fareti. Bayan wasu shekaru aka yi zaɓe, sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin sauraron waɗanda aka zalunta. Lauya ne ya zo har shago yana dogara sanda, shi ma ya sha shekarunsa a tsare, ya roƙe ta ta je. Ta ce ita ba ta iya magana gaban mutane ba, da bango ta saba. Amma ta je, na raka ta. Ta faɗi abin da aka yi mata a taƙaice, ta ambaci malamar, ta roƙi a binciko inda aka kai ta. Mai kemis ma ya ba da shaida. Da aka fito ya zo ya tsaya gabanta, tsoho da shi. Ita ta fara magana.

"Yarinyar nan 'yar makaranta fa?"

Ya ce, "Da yawa sun tashi, baiwar Allah. Wani ma yanzu direba ne, kullum sai ya tsaya ya gaishe ni."

"Yarinyar nake tambaya."

"Ba ta kai asibiti ba."

Yaya ta gyaɗa kai. Muka hau motar haya muka koma gida. Ashe duk shekarun nan da yarinyar take kwana take tashi, tana ƙiyasta ta gama makaranta, ta kama aiki, ta haihu. Kwamiti ya rubuta rahoto, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a hukunta kowa ba, ba a gano malamar ba. Mai Alawa an ce yana kiwon kaji a wani gari, jikoki sun kewaye shi.

An daɗe da kwance allon, injuna suka karɓi aikin, daga baya su ma aka daina yayinsu. Benen yanzu wurin ajiye katifu ne. Shekarun Yaya na ƙarshe a shago ta yi su, a kan wata 'yar kujera kusa da ƙofa inda haske ya fi. Idon Baban Biyu ya yi rauni, ba ya ganin kafar allura, ita ke zura masa zare. Zai miƙo mata allura, ta lashi bakin zaren ta zura ta mayar, tana ci gaba da hira da duk wanda ya shigo. Ciwonta bai daɗe ba. Ta kwanta farkon damina, kafin ruwa ya ɗauke ta tafi, tagwaye da 'ya'yansu suna gefenta.

Baban Biyu ya ƙi rufe shago, ko da yake yanzu sai faci da rage tsawon wando. Nakan leƙa da hantsi in zura masa allurai da yawa in soke su a jikin labule, fari da baƙi da shuɗi, yadda za su ishe shi kafin in dawo. Jiya na tarar ya ɗinke aljihun wata farar riga da baƙin zare. Na nuna masa, ya kai ta kusa da ido ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Da tana nan da na sha tsiya." Muka zauna muka warware tare.